Yadda Danshi Ke Miƙar Da Bugaggen Zanen Da Ya Ninke

Takarda tsiro ce da aka sarrafa. Zaruruwan da ke cikinta, na auduga ne ko na itace, an gina su ne da selulos, sinadarin da ke ƙarfafa bangon ƙwayar halittar tsiro, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya fara keɓewa a shekarar 1838. Abin da ke riƙe zare da zare kuwa shi ne haɗin haidirojin, ɗauri mai rauni in shi kaɗai ne, mai ƙarfi in ya taru.

Idan aka ninke bugaggen zane, zaruruwan da ke kan layin ninkin sukan lanƙwashe, su sandare a haka. Mai garaje sai ya ɗauko dutsen guga, alhali zafi yakan ƙafar da selulos, takarda ta yi gautsi. Masu adana kayan tarihi danshi suke nema. Ƙwayoyin ruwa kan kutsa tsakanin zaruruwa su sassauta ɗaurin, takarda ta yi laushi, kamar yadda mai saƙar tabarma ke jiƙa kaba kafin ya tanƙwara ta.

Ba tsoma zanen ake yi a ruwa ba. Akan sa shi cikin rufaffen akwati mai laima, ko a lulluɓe shi da Gore-Tex, ƙyallen da aka ƙago a 1969, mai barin tururi ya wuce amma ya tare ɗigon ruwa. Da ya yi laushi sai a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu shan ruwa, a ɗora gilashi da nauyi, ana sauya takardun har ya bushe. Yayin bushewar ne sabon ɗauri ke ƙulluwa, zaruruwa suna miƙe.

Tilas a fara gwada tawada da launi. Shuɗin furen aobana na tsofaffin zane-zanen Japan, alal misali, ɗan ruwa kaɗan ke watsa shi. Laimar da ta daɗe kuma takan haifar da fumfuna. Haka nan nauyin da ya wuce kima yakan shafe sawun da farantin tagulla ya bari a gefen zane, shaidar yadda aka buga shi, kuma in ya shafe ba ya dawowa.

Inda zaruruwa suka karye, danshi ba ya ɗinke su. Sai dai a liƙa siririyar takardar kozo ta Japan daga baya da kokon sitacin alkama, ta tallafi wurin. Layin zai dusashe, amma mai lura zai gan shi.