Darasi: A Auna Gurbi Kafin A Sayi Firiji

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a birnin Sakkwato ya san yadda unguwar take. Tsohuwar unguwa ce, domin tun rasuwar Shehu a 1817 mutane suke zaune kewaye da wurin. Lunguna ƙanana ne, gidaje a manne da juna, kuma kafin a kai tsakar gida sai an ratsa zaure, wani lokaci biyu, kowanne da ƙaramar ƙofa. Waɗanda suka gina gidajen nan randa suka sani, ba firiji ba. Yau kuwa da wuya a yi jeren amarya mai ɗan hali ba a sa firiji a ciki ba, har wasu sukan kira kafinta ya yi kabad na kicin, a bar masa gurbi a tsakiya don ya zauna cif kamar yadda ake gani a talabijin. A nan ne kuɗin mutane da yawa yake salwanta.

Abin da yakan faru shi ne, magidanci ya tafi babbar kasuwa, ya ga firiji mai kyaun gani, ya biya, a ɗoro shi a amalanke. Da an iso gida sai ƙofar zaure ta ƙi shi. In an yi dabara an kwantar da shi ya shige, sai a tarar gurbin da kafinta ya bari ya yi masa kaɗan, ko kuma ya shiga amma babu ko tsinke tsakaninsa da katako. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin mai gida murna zai yi, yana ganin aiki ya yi kyau.

Ga dalili. Firiji ba ya ƙirƙiro sanyi. Zafin da yake cikin abinci da ruwa yake kwashewa ya fitar da shi waje, ta waɗansu siraran bututu da suke bayansa, ko a ɓoye cikin bangonsa na gefe. Wanda ya dafa gefen firiji yana aiki zai ji ɗumi. Zafin ke nan yake fita. To, idan an rufe shi da katako ta ko'ina, zafin ba shi da wurin zuwa. Sai injinsa, wanda masu gyara suke kira kwamfuresa, ya yi ta aiki ba hutu, ya ci wuta da yawa, ruwa ya ƙi yin sanyi, daga baya injin ya ƙone. Sayen wani injin da ɗura sabon gas kuwa kuɗi ne mai yawa.

Saboda haka firiji iri biyu ne, kuma ya kamata mai saye ya san bambancinsu. Akwai na tsaye shi kaɗai, wanda shi ne ya cika shaguna. Wannan yana bukatar sarari: yawanci kamar santimita 5 ta baya da kowane gefe, da kamar santimita 10 ta sama. Ainihin adadin yana cikin ɗan littafin da ake haɗowa da shi a kwali, kuma shi za a bi. Akwai kuma wanda aka ƙera musamman don a sa shi cikin kabad. Shi wannan ba a damu da kyaun jikinsa ba, tunda katako ne zai rufe shi, har ƙofarsa ma akan ɗaure ta da ƙofar kabad ɗin. Irin wanda ake yi a Turai yakan nemi gurbi mai faɗin santimita 56 da zurfin santimita 55, a cikin kabad mai faɗin santimita 60. Tsayinsa kuwa ya bambanta, akwai na kusan 88, da 122, da 178. Amma shi ma sai an bar masa hanyar iska: kafa a ƙasa inda iska za ta shiga, rata a baya inda za ta hau, da kafa a sama inda za ta fita. Kamfanoni da dama sukan nemi kowace kafa ta kai murabba'in santimita 200, wato misali tsawon 40 da faɗin 5. Irin wannan firiji ya fi tsada, kuma cikinsa bai kai na tsaye girma ba. Ga yawancin gidajen Hubbare da na ƙauyuka, na tsayen ya fi dacewa, a dai bar masa wurin shan iska.

Awon kansa akwai inda ake tuntuɓe. Kafintocinmu da inci suke aiki, kwalin firiji kuwa santimita ko milimita ake rubutawa. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Milimita 10 su ne santimita 1. Idan an ga 600 a jikin kwali, santimita 60 ke nan, kusan inci 24. Tef ɗin awo yana da inci a gefe guda, santimita a ɗaya gefen, sai a zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Nan karatun yaƙi da jahilci yake da rana: a rubuta faɗi, da tsayi, da zurfi a takarda, a tafi da ita kasuwa tare da tef ɗin, a auna firijin a gaban mai shago. Awon hannu da taki ba ya yi a wannan aiki.

Kuma ba gurbin kaɗai ake aunawa ba. A auna ƙofar zaure, da kwanar da ake yi daga zaure zuwa cikin gida, da ƙofar kicin. A tsohon gini bango ba ya miƙewa sosai, don haka a auna gurbin sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Sannan a duba gefen da ƙofar firijin take buɗewa. In ta buɗe ta daki bango, aljihun kayan miya na ƙasa ba zai zaro ba. Waɗansu firijin ana iya juya ƙofarsu ta koma ɗaya gefen. Sai a tambaya. Abin da ya fi sauƙi dai shi ne a fara sayen firiji, sannan a kira kafinta. Katako ana yanka shi, firiji ba a yanka shi.

Sai maganar zafin gari, wadda mutanen Sakkwato bai kamata su yi wasa da ita ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kicin mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A jikin kowane firiji, ciki ko baya, akwai ƙaramar takarda mai bayani, a kanta akwai haruffan da suke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure. N da SN iyakarsu digiri 32. ST ya kai 38. T ya kai 43. Na ƙasar nan shi ne mai T, ko mai haɗi irin SN-T. Tsofaffin firijin da ake kira na Beljiyam, da yawansu don gidajen Turai masu sanyi aka yi su, shi ya sa suke kasawa da bazara, daidai lokacin da aka fi bukatarsu. A wannan takarda kuma ake ganin ƙarfin wuta. Ta Nijeriya bolt 230 ce. Wanda aka yi don Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, in an jona shi kai tsaye ya ƙone.

Wutar Sakkwato daga kamfanin rarraba wuta na Kaduna take zuwa, ko da yake har yau NEPA mutane suke cewa. Tana zuwa da ƙarfi, tana zuwa da rauni, don haka a sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi, a kuma bar mata nata wurin. Kada soket ya maƙale a bayan kabad inda hannu ba ya kaiwa. In an ɗauke wuta aka maido nan take, a jira kamar minti 5 kafin a kunna. Firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyi kamar awa 4 bayan ɗauke wuta. Matar da take sana'ar zoɓo, ko kunun aya, ko ƙanƙara don masu ziyara, firiza ta kwance ta fi mata, domin in ta cika tana iya riƙe sanyi har kwana biyu. Ita kuma ta sama ake buɗe ta, don haka ba a yi mata kanta a bisa kai.

Ranar da aka kawo shi, in an kwantar da shi a hanya, a bar shi tsaye awoyi da dama kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa. A nisanta shi da murhu da hasken rana. A daidaita ƙafafunsa kada ya karkata, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu da kyau ba. Kuma kada kafinta ya kafe shi yadda ba zai jawu ba, domin ƙurar hunturu tana taruwa a bututun baya, ɓera kuma yana son wurin ɗumi mai duhu, yana cin waya.

Inda wuta ba ta kai ba, ba sai an ci bashi don firiji ba. Wani malami daga Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai sukan daɗe a ciki ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ita ma tukunyar sai an ajiye ta a inuwa inda iska take kaɗawa.

Aikin aji: wani gurbi faɗinsa santimita 70. Ana so a bar santimita 5 a kowane gefe. Firiji mai faɗin santimita nawa ne zai dace da shi? Kowane ɗalibi kuma ya auno ƙofar zauren gidansu, ya rubuto da inci da santimita, ya kawo wa malami.