Lambu A Kan Daɓen Siminti: Darasi Daga Jalingo

Garin Jalingo ya soma ne a matsayin sansanin yaƙi na Sarkin Muri Muhammadu Nya a shekarar 1893, ya kuma daɗe yana zaman gari madaidaici inda gidaje da yawa ke da ɗan fili a baya, wanda uwargida kan shuka kuɓewa da yakuwa a ciki da damina. Amma tun ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, jama'a suka yi ta kwararowa. Unguwanni irin su Sabon Gari da Magami da Mayo-Gwoi suka cika, filin bayan gida ya koma ɗakunan haya, tsakar gida kuwa aka daɓe ta da siminti domin gudun taɓo. Haka abin yake a Yola da Kano da Sakkwato da sauran manyan garuruwa. Ga kuma kayan miya suna tsada, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. A gidan da kuɗin cefane ya gaza, ganye ne abin da a kan fara ragewa, yara ƙanana da mata masu ciki kuwa su ne abin ya fi yi wa illa.

A zamanin shirin ciyar da ƙasa na shekarar 1976 an yi kira ga kowane magidanci ya yi lambu a bayan gidansa. Wanda ba shi da komai sai daɓe bai fita daga wannan kira ba. Ana iya shimfiɗa ƙasa a kan siminti a yi shuka a ci. Sai dai fa ƙasar da ke kan siminti ba ta da ɗabi'a irin ta gona, wanda kuwa ya bi da ita kamar gona zai yi hasarar iri da ruwa da wahalarsa.

Abin Da Siminti Ke Yi Wa Shuka

A gona, in rana ta ƙwalle saman ƙasa ya bushe, saiwa kan nutsa ta nemi laima a can ƙarƙashi. A kan daɓe ba ta da wurin zuwa. Duk ruwan da shuka za ta sha, sai wanda wannan 'yar ƙasar ta riƙe. Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙasa mai kyau, wadda ba rairayi zalla ba, ta kan riƙe wa shuka ruwan da ya kai lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace santimita ta zurfi, a fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya. Watau ƙasa mai zurfin santimita 20, kimanin ɗani ɗaya ke nan, ta kan riƙe lita 20 zuwa 30. A watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Jalingo kan kai digiri 40 a ma'aunin Santigiret, rana da iska da numfashin ganye kan kwashe lita 6 zuwa 8 daga wannan fili kowace rana. Shuka ba ta jira sai ruwan ya ƙare duka. Da rabinsa ya tafi ta fara yaushi. Saboda haka ƙasa mai zurfin ɗani ɗaya ba ta wuce kwana biyu babu ban ruwa da bazara, mai zurfin santimita 10 kuwa ko yini ɗaya da ƙyar take kaiwa. Mai lambun da ya yi balaguro na kwana uku bai bar wa kowa sallahu ba, busasshiyar ciyawa zai tarar.

Na biyu shi ne zafi. Duk wanda ya taɓa taka daɓe da azahar babu takalmi ya san siminti ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Fuskarsa ta kan haura digiri 55. Ya kan kuma adana zafin ya riƙa sakinsa da dare, lokacin da ya kamata shuka ta huta. Saiwa ta kan raunana in ƙasar da take ciki ta wuce digiri 35, tumatir kuwa ya kan zubar da fure ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba in yini ya yi zafi ƙwarai daren kuma bai yi sanyi ba. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan iri ko a kan ƙwari, alhali daɓen ne.

Da damina kuma abin ya kan juye. Jalingo ba hamada ba ce: ruwan sama kan sauka daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ya kan yi ƙarfi a Agusta da Satumba. Siminti ba ya tsotse ruwa. In babu mafita, ruwan ya kan kwanta a ƙarƙashin ƙasar ya kore iskar da saiwa ke shaƙa, cikin 'yan kwanaki ta ruɓe. Shukar da ruwa ya shaƙe ta kan yi yaushi daidai da wadda ƙishirwa ta kama, sai mai ita ya ƙara mata ruwa ya ƙarasa ta. Kafin a ɗauki bokiti, a cusa yatsa cikin ƙasar a ji.

Har ila yau sabon siminti da sabon bulo su kan fitar da farar ƙasa wadda ke sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, har shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Alamarsa ita ce sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu kuwa su zauna kore. Tsohon daɓen da ya sha damina da yawa ba ya cika kawo wannan matsala.

Yadda Ake Kafa Fangali

A fara da duba inda ruwa ke gangarawa a tsakar gida in an yi sama, da inda rana ke bugawa. Wurin da ke samun hantsi, inuwa kuma ta rufe shi daga azahar, ya fi kowane wuri. Gindin katangar da ke fuskantar yamma shi ne mafi muni. Kada a jingina ƙasa da bangon ɗaki, balle na laka, domin laima za ta ci ginin. A bar tazarar taku ɗaya. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida tukuna, in kuwa bai tabbata zai daɗe a gidan ba, buhu da bokiti sun fi masa, gama su ana iya ɗaukarsu ranar tashi.

Bulo shi ne ma'auni mafi sauƙi. Tsayin bulo ɗaya kimanin santimita 22 ne, sahu biyu kuwa 45. A jera su ba tare da an kama su da siminti ba, faɗin fangalin kada ya wuce mita ɗaya, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ƙasar ba. A ɓangaren da daɓen ya gangara, a bar 'yan kafofi tsakanin bulo, a toshe su da tsakuwa ko guntun buhu, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Ramukan cikin bulon a cika su da ɓuntun shinkafa, sa'an nan a shafa farar ƙasa a bayansu ko a kewaye su da zana, domin su rage ɗaukar zafi. A can ƙasa a shimfiɗa karan dawa ko na masara kaurin yatsu biyu. An daɗe ana cewa a zuba tsakuwa mai yawa a gindi domin ruwa ya wuce, amma gwaji ya nuna wannan ba ya hana ƙasar da ke samanta jiƙewa. Abin da yake yi kurum shi ne cinye rabin zurfin da saiwa ke bukata. Mafitar ruwa a gefe ita ce magani.

Ƙasar kuwa ba a kwaso ta haka nan a zuba. Baƙar laka irin ta fadamun kwarin Binuwai ta kan daskare ta tsage in ta bushe, rairayin kogin Lamurde kuma ba ya riƙe ruwa. A haɗa kashi biyu na ƙasar saman gona, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai har warinsa ya tafi, da kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Jihar Taraba ƙasar shinkafa ce da shanu, don haka ɓuntu na nan tuli a wuraren casa, taki kuma ba ya wuyar samu. Ɓuntun da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi ɗanye, gara ma ba ta damu da shi ba. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku, sahun bulo ɗaya, ya kan ci kimanin baro goma. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma: a birnin Dakar na ƙasar Senegal, tun shekarar 1999 gwamnati tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka koya wa iyalai shuka ganye a kan tebura, cikin ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa, a tsakar gida da saman bene. A birnin Habana na ƙasar Kuba ma, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, irin waɗannan fangalai da aka kafa a kan kangon filaye ne suka riƙa ciyar da unguwanni da ganye.

Lalle ne a san inda aka ɗebo ƙasa. Juji na da ba irin na yau ba ne. Na yau cike yake da matattun batura da leda da gwangwanin fenti. Ƙasar garejin makanikai da ta wurin da ake fasa batir ko dakan duwatsun ma'adinai ba ta shiga lambu ko kaɗan. Gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ta cikin ƙura da ƙasar tsakar gida ta bi. Haka nan a kula da nauyi: jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin bulo ɗaya ta kan kai kilo 300 a kowane murabba'in mita, watau buhun siminti shida. Ba a ɗora ta a kan murfin ramin bayan gida ba, ba a kuma kai ta saman bene sai injiniyan gini ya duba ya yarda.

Abin Shukawa Da Lokacinsa

Sahun bulo ɗaya ya ishi alayyafo da lalo da salak da lansir da albasa mai ganye da na'a-na'a. Alayyafo ne ya fi kyau a fara da shi, domin ya jure zafi, cikin mako huɗu zuwa biyar kuma an fara yanka. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta da kuɓewa da yakuwa suna bukatar sahu biyu, ko buhun da aka cika aka huda gefensa, tushe ɗaya ga buhu ɗaya, a ɗora shi a kan katako ko bulo kada ya zauna a kan daɓen kai tsaye. Zogale na iya zama cikin rabin duro in ana sare kansa a kai a kai. Masara da kabewa ba su biyan kuɗin ruwan da suke sha, itacen mangwaro ko gwaba kuwa ba a ma zancensa.

Lokaci mafi albarka shi ne daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu. Wanda ya yi renon tumatir da tattasai a watan Oktoba ya dasa a Nuwamba, furensu zai faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, ya ci amfaninsu kafin bazara. Da damina a koma ga lalo da rama da yakuwa da kuɓewa. Maris da Afrilu kuwa, in ruwa na saye ne, hikima ita ce a rage lambun zuwa fangali ɗaya na alayyafo. Fangali mai murabba'in mita uku ya kan sha lita 18 zuwa 24 a rana a wannan lokaci, kusan jarka guda ke nan kullum. Mai gida ya kwatanta kuɗin jarka talatin a wurin mai ruwa da kuɗin ganyen wata guda a kasuwa kafin ya yanke shawara.

Ana iya rage wannan ruwa sosai. A rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, a kafa 'yar rumfa ta zana mai sharara wadda za ta tare ranar azahar ba ta yi duhu ba, a kuma yi ban ruwa da sassafe da bayan la'asar, a gindin shuka, a hankali. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka binne har wuya aka cika da ruwa aka rufe bakinta ta kan riƙa tsatsar da ruwa daidai bukatar saiwa, murfin kuma ya hana sauro haihuwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ganye duk suna da amfani. Ruwan wanki mai garin sabulu ko mai maganin farin kaya ya kan tara gishiri, a cikin 'yar ƙasa kuwa gishiri ba shi da wurin gudu. In aka ga farin ɓawo a saman ƙasa, bakin ganye kuma yana ƙonewa, a kwarara ruwa mai kyau da yawa har ya fita ta kafofin nan.

Da yake yawan ban ruwa na wanke abincin shuka, ciyarwa kaɗan-kaɗan ta fi ta gaba ɗaya. Cikin kwalin ashana ɗaya na takin zamani mai lamba 15-15-15 ga kowane murabba'in mita, duk bayan mako uku, ya wadatar, a barbaɗa nesa da tushe a bi da ruwa. Ɗanyen kashin kaji ya kan ƙone saiwa. Toka kuma, ko da yake tana da amfani a gona, a nan ƙara kanwa take yi a kan wadda simintin ya riga ya kawo.

In an yi ta maimaita tumatir ko kuɓewa a ƙasa ɗaya, wasu tsutsotsi da ido ba ya gani su kan yawaita, su sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle shukar ta tsumbure. A nan ne zafin daɓen ke yin rana. A watan Maris a kwashe ƙasar a baza ta a kan siminti kaurin yatsu huɗu, a yayyafa mata ruwa, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da bulo, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Zafin da ya taru zai kashe yawancin tsutsotsin da irin ciyawa. Sa'an nan a gauraya ta da sabon ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya cikin huɗu, a mayar cikin fangali kafin ruwan farko, a fara da ganye maimakon tumatir. Wanda ya ga wata cuta da bai gane ba, ya tumɓuke tushe ɗaya har da saiwarsa ya kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarsa ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiharsa, kafin ya sayi wani maganin feshi a kasuwa.