Daga Kwata Zuwa Randa: Darasi Kan Amai da Gudawa Ga Mazauna Briqueterie

Idan ka taɓa yin damina a Briqueterie ka san yadda ruwan farko na watan Maris yake sauka. Cikin ɗan lokaci kwatoci sun cika, ledoji da gorunan roba da ɓawon rogo sun toshe bakin magudana, ruwa ya bar hanyarsa ya bi lungu, ya ratsa ƙofar masu ɗinki da rumfunan masu tsire, ya gangara kwari zuwa Ekozoa, daga can ya faɗa Mfoundi. Yawunde gari ne na tuddai, kuma damina biyu gare shi: ta Maris zuwa Yuni, da ta Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka sau biyu a shekara abin da na kan tudu ya zubar yakan zama rabon na kwari.

Wannan ruwa bai tsaya a kan titi ba. Yakan shiga masai ya tumbatsa shi, ya nutse cikin ƙasa, ya sami rijiya. Masana suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. To, a unguwar da gida ke jingine da gida, wa ke da wannan fili? Shi ya sa nake roƙonka ka ɗauki ruwan kowace rijiya ta cikin unguwa a matsayin ruwan wanki da shara, komai haskensa. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launin ruwa, ba ta kuma da wari.

Annobar da ta ɓarke a Kamaru a watan Oktoba na 2021 ta daɗe tana yawo, har ta tsananta a Yawunde a daminar farko ta 2023. A 2021 ɗin nan kuwa Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, kuma Kano da Bauchi da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mu mutanen hanya ne. Baƙonmu yana tasowa daga Kano ko Marwa ko Garwa, ya hau jirgin ƙasa a Ngaundere, ya kwana a ɗakinmu. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai, amma suna fitar da ita a bayan gida har tsawon kwana goma. Kada wannan ya sa ka ƙyamaci baƙo, domin kai ma kana iya kai ta can. Abin da ake so shi ne sabulu ya zauna kusa da buta, a gidanka da inda ka sauka.

Sau da yawa nakan ji ana cewa gyaran kwata aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, amma gwamnati ƙofofi gare ta, kuma wanda ya buga ƙofar da ba ita ba zai gaji da jira. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta raba aiki tsakanin babban magajin garin Yawunde da magadan gundumomi bakwai na birnin. Manyan tituna da manyan magudanai da kwashe shara zuwa juji suna wuyan babbar hukumar birni, wadda kamfanin Hysacam ke yi wa aikin kwasar shara. Tsabtar cikin unguwa kuwa tana hannun ma'aikatar magajin gari ta Yawunde ta Biyu, wadda Briqueterie ke ƙarƙashinta, kuma a can 'yan duba-gari suke. Ruwan famfo na Camwater ne. Abin da ya shafi cuta, gundumar lafiya ta Cité Verte ce ke lura da mu. Idan masai na maƙwabci yana tsiyaya cikin lungu, ku fara da magana ta zumunci, sannan mai unguwa, sannan duba-gari. Ku rubuta koke a takarda, magidanta su sa hannu, ku riƙe kwafi mai hatimi. A ganina takarda ɗaya mai hannu goma ta fi ƙorafin shekara guda a majalisar shayi.

Akwai kuma abin da babu magajin garin da zai shigo ya yi maka. Ruwan famfo yana isowa da maganinsa, amma yakan lalace tsakanin famfo da baki: a jarkar da ba a wanke ba, a randa marar murfi, a moɗar da yara ke tsomawa har da hannu. Idan an ɗauke ruwa aka dawo da shi, ka bar na farko ya zube, domin bututun da ya fashe yakan zuƙi ƙazanta lokacin da babu ruwa a cikinsa. Ruwan da kake shakka, ka tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, ko ka sa masa ƙwayar tsarkake ruwa ka jira rabin awa. Ruwan jabel ma yana aiki, sai dai ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka ka kawo taka wurin ma'aikacin lafiya ya nuna maka ma'auni. Uwargida, kashin jariri shi ma yana ɗauke da cuta. A zuba shi a masai, a wanke hannu da sabulu kafin a koma ga tukunya.

Yanzu ga abin da nake so ka haddace. Idan mutum ya fara zawo tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi, wani lokaci da amai da murɗewar ƙafa, to agogo ya fara bugawa. Kwalara tana iya kashe ƙaton namiji cikin awoyi kaɗan, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Ka haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: fakiti ɗaya na kemis cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu fakiti, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Mai shayarwa kada ta janye nono. Ana ba shi ana tafiya asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya neman ƙwayar tsayar da zawo a teburin mai magani, kada kuma a jira maigida ya dawo daga kasuwar Mokolo. Ido ya faɗa, fata an ja ta ƙi komawa, fitsari ya ɗauke: wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya.

Na taɓa tarar da gidan da suka ɓoye marar lafiya kwana guda saboda kunyar a ce kwalara ta shiga gidansu. Kafin mu iso, mai jinyar ma ta kwanta. Su biyun sun rayu, amma da ƙyar.

Idan kuwa ajali ya zo, gawar mai kwalara tana yaɗa cutar sosai. A sanar da ma'aikatan lafiya kafin wanka, su zo da safar hannu da ruwan magani, su yi aiki tare da liman da masu wanka. A taƙaita taɓa gawa, a wanke shimfiɗa da ruwan jabel, kuma waɗanda suka yi wankan kada su sa hannu a abincin zaman makoki a wannan rana.