"Daji Ba Ya Son Ƙarfe": Nazari a Kan Sankarar Fata ta Gefen Ido a Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, "ciwon ido sai haƙuri." To amma akwai wani ciwo da kan tsiro a gefen ido, wanda yin haƙuri da shi kan jawo asarar idon, wani lokaci ma har da rai. Wannan ciwo shi ne sankarar fata. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi sunan da Bahaushen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke kiran ciwon da shi, da yadda sunan ke shafar neman magani, sa'an nan ta bayyana abin da likitoci kan yi idan ciwon ya riga ya yi nisa.

2.0 Suna Ɗaya, Cuta Biyu

Kalmomi uku ne ke yawo a bakin jama'a, watau "daji" da "sankara" da kuma "kansa" wadda aka aro daga Turanci. Wadda ta fi shiga jiki ita ce "daji". Sai dai kuma a wurin Bahaushe kusan duk wani kumburi mai zafi da ya ƙi fashewa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, daji ne. Ta haka sai ƙurji mai ruwa, wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa, ya yi tarayya a suna da sankara, wadda ita tsokar jiki ce ke tofo ba bisa ƙa'ida ba.

A nan matsalar take. Ƙurji mai ruwa yakan nuna ya fashe ya warke, ko wanzami ya yi masa sakiya, ko boka ya ba da sassaƙe a shafa. Idan haka ta faru sai a ce ai wane yana da maganin daji. Ranar da sankara ta gaskiya ta fito wa wani, sai a nufi wannan mai magani da ita, a yi ta shafe-shafe wata da watanni.

Bugu da ƙari, akwai camfin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe, watau da zarar allura ko aska ta taɓa shi sai ya yaɗu. Tushen camfin ba boyayye ba ne. Galibi ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, in mai shi ya rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da na jinkiri ne.

3.0 Wa Ciwon Ya Fi Kamawa?

Babban dalilin sankarar fata shi ne zafin hasken rana na shekara da shekaru. Baƙar fata tana da sinadarin launi mai kare ta, shi ya sa zabiya, wanda ya rasa wannan sinadari, ya fi kowa shiga haɗari, musamman ma a ƙasar noma irin tamu inda ake yini a gona. Takan fara masa kamar ɓawo mai kaushi a goshi, ko kunne, ko leɓe, ko fatar ido, daga nan ta zama miki mai zubar da jini. Ga mai baƙar fata kuwa, ta fi tasowa a kan tsohon tabon ƙuna ko daɗaɗɗen gyambo.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko mai tafiyar hawainiya ne, yakan ci wurin da ya tsira, ba safai yake ƙaura ba. Na biyu mai saurin yaɗo ne, shi ne kuma ya fi damun zabiyoyi a Afirka. Yakan bi jijiyoyi ya shiga gurbin ido, ko ya sauka gaban kunne da wuya ya fito kamar kaluluwa mai tauri. Alamun ya yi nisa sun haɗa da turowar ido waje, da ganin abu bibbiyu, da mutuwar fatar goshi ko kunci.

4.0 Hanyoyin Magani

Matakin farko shi ne a ɗebi 'yar tsoka daga mikin a kai ɗakin gwaji, domin a tabbatar da irin cutar, a kuma ɗauki hoton kai a ga iyakarta. Daga nan sai:

(a) Tiyata. In ciwon yana kan fata kawai, akan yanke shi tare da kewayensa, a ɗinke ko a yi dashen fata, ido ya tsira. In kuwa ya shiga gurbi, sau da yawa dole a cire idon da duk naman da ke kewaye da shi. Wannan hukunci ne mai ɗaci, amma manufarsa ita ce a tare cutar kafin ta kai ga ƙwaƙwalwa.

(b) Gashi da na'ura. Akan haska wurin kullum na tsawon makonni, ko dai bayan tiyata domin ƙone ragowar cutar, ko a madadinta ga wanda ba zai jure wa aiki ba.

(c) Magunguna. Ban da ƙarin ruwan da aka sani tun da, a shekarar 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Vismodegib domin nau'i na farko, a 2018 kuma ta amince da Cemiplimab domin na biyu, wanda ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar. An ga sun motsar da ciwon wasu har an tsirar da ido, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Mutumin Tsafe ko Bunguɗu yakan fara da babban asibitin garinsu, a tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Gashi kuwa sai an dangana da irin asibitocin koyarwa na Sakkwato ko Shika ta Zariya, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta amince a riƙa yi wa zabiyoyi wannan magani kyauta a Asibitin Ƙasa na Abuja, bayan fafutukar gidauniyar da Jake Epelle ya kafa a 2006, ko da yake shirin bai ɗore yadda aka so ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa tazarar da ke tsakanin ƙaramin yanka da cire ido ita ce lokacin da aka ɓata. Saboda haka duk mikin fuska da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai shi asibiti. Zabiya kuma ya lizimci malafa, da riga mai dogon hannu, da man kare fata, ya guji rana daga hantsi zuwa la'asar.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da namu aiki. Ya kamata mu ware "sankara" ga wannan cuta a rubuce-rubucenmu da shirye-shiryen rediyo, mu bar wa ƙurji sunansa, mu kuma jawo wanzamai da masu maganin gargajiya cikin wannan fahimta, tun da su ne majiyyaci ke fara gani. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.