Na Saya wa Motar Kamfani Mai da Kuɗina, An Ƙi Biya Na, Ana Kuma Yanke Mini Albashi

TAMBAYA

Ni direba ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, shekara uku ke nan, kuma har yau ba a ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Muna kai kaya Wudil, Dutse, Haɗeja, wani lokacin har Gusau. Kuɗin man da ake ba mu ba ya kai mu ya dawo da mu. In mai ya ƙare a hanya ko taya ta yi faci, sai manaja ya ce mini a waya, "Yi da naka, in ka dawo za a ba ka." In na dawo, akanta ya ce sai oga ya sa hannu. Kuɗina sun taru a wajensu. Ban da wannan, wata biyu a jere ana yanke mini albashi, wai katan-katan na sabulu ba su cika ba, alhali ba ni nake loda motar ba. Abokan aikina suna cewa in yi haƙuri kada a kore ni. Ina da iyali. Don Allah mene ne haƙƙina?

Wani direba, daga Kano

AMSA

Allah ya kawo mafita. Wasiƙarka ta ƙunshi matsala biyu, kuma gara ka raba su, domin kowace hanyarta daban.

Kuɗin da ka zuba wa motar kamfani bashi ne kake bin kamfani. Ba alfarma za su yi maka ba ranar da suka biya. Motar tasu ce, kayan nasu ne, ribar tasu ce, kuma manajansu ne ya ce ka kashe. Tsohuwar ƙa'ida ce a shari'ar aiki cewa duk abin da ma'aikaci ya kashe bisa hankali wajen aiwatar da aikin da aka sa shi, ubangidansa ne zai mayar masa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1974, a sashe na 14 har cewa ta yi idan aka tura ma'aikaci wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye daga inda ya saba aiki, sai a kai shi kyauta ko a ba shi alawus ɗin hanya. Dokar da ba ta yarda ka biya kuɗin motar da za ta kai ka aiki ba, ina za ta yarda ka ciyar da motar kamfani daga aljihunka? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu kamfani da yawa sun ƙara wa kayansu kuɗi, amma suka bar kuɗin man direba yadda yake, giɓin ya koma kan wanda ya fi kowa rauni a cikin harkar. Wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da "za a ba ka".

Yankan albashi kuwa ya fi wannan muni, domin a nan doka ta yi magana ƙarara. Sashe na 5 ya hana ubangida ya ci tarar ma'aikaci daga albashinsa. Idan yana ganin ma'aikacin ya jawo masa asara da gangan ko ta hanyar sakaci, ba shi da ikon ya yanke hukunci shi kaɗai a ofishinsa. Sai ya samu izini a rubuce daga jami'in ƙwadago na gwamnati tun kafin ya taɓa kuɗin, kuma abin da zai cire ya zama daidai gwargwado. Bugu da ƙari, duk abin da za a cire wa ma'aikaci a wata ɗaya, in an haɗa shi gaba ɗaya, bai halatta ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashinsa na watan ba. Tambayi kanka: an nuna maka wata takardar izini? An kira ka an ji ta bakinka? An duba ko tun daga sito aka fito da kayan ba su cika ba? Mutumin da bai ƙirga kaya ba, bai loda ba, bai sa hannu a kan adadi ba, da wuya a ce sakacinsa ne.

Rashin takardar ɗaukar aiki ma laifinsu ne. Sashe na 7 ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, wadda ta bayyana irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu da sharuɗɗan sallama. Wasu sukan ƙi bayarwa da gangan, don ranar rigima su ce "ai ba ma'aikacinmu ba ne, taimaka masa muke yi". Kada wannan ya firgita ka. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, kuma saƙon shigar albashi daga banki wata bayan wata, da katin shaidar aiki, da takardun kayan da ke ɗauke da sunanka, duk suna tabbatar da cewa kai ma'aikacinsu ne.

To, sai abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ka buɗe baki da kowa, ka fara tara shaida tun kana ciki, domin ranar da aka karɓe makullin mota aka ce kada ka sake shiga harabar, ba ka da sauran hanyar isa ga takardu. Ka sayi ɗan littafi. Kowace tafiya ka rubuta kwanan wata, garin da ka je, nawa aka ba ka, nawa ka ƙara. A gidan mai ka nemi rasit, ko ka biya ta banki yadda saƙo zai shigo wayarka. Mai faci da bakanike na bakin titi ba su da rasit, to ka tura musu kuɗin ta waya, ka ɗauki hoton tayar. Idan manaja ya ce maka "yi da naka", kana ajiye waya ka tura masa saƙon WhatsApp: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce, na sa mai na naira kaza a Gwarzo." Ko "to" kaɗai ya amsa, ka samu abin riƙewa, domin Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar irin waɗannan saƙonni. Daga yau kuma kada ka tayar da mota sai ka tsaya an ƙirga kaya a gabanka, kai da mai kula da sito kun sa hannu. In aka ce sauri ake yi, ka rubuta a jikin takardar cewa ba a ƙirga a gabanka ba.

Bayan haka ka rubuta wasiƙa zuwa ga mai kamfanin, cikin ladabi, ba zagi ba barazana. Ka jera kuɗin da kake bi da kwanakinsu, ka nemi a bayyana maka dalilin yanke albashin a rubuce, ka nemi takardar ɗaukar aikinka. Ka yi kofi biyu, a sa maka hannu a ɗaya ka riƙe. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa, domin wani lokacin mai kamfanin ya saki kuɗin, a tsakanin manaja da akanta suka maƙale. In kuna da yawa da abin ya shafa, ku sa hannu tare. Korar mutum ɗaya abu ne mai sauƙi, amma ajiye motoci biyar a rana ɗaya asara ce da kowane ɗan kasuwa yake tsoro.

Idan an yi biris da kai, ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. Jami'anta sukan kira ɓangarorin biyu su zauna sulhu. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana sauraron ƙorafi har a kan kamfanoni masu zaman kansu, ba tare da an biya ta ba. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron rigingimun aiki da albashi, kuma tana da reshe a Kano. Shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, shi ya sa na sa ta a ƙarshe, amma kada ka yi jinkiri har shekaru su ja, domin neman haƙƙi a kotu yana da wa'adi.

Game da tsoron abokan aikinka, ba zan ce maka ba su da hujja ba. Ana korar mutane saboda sun yi magana, kuma aiki ya yi wuya. Kai ka san nauyin gidanka, kai za ka auna lokacin da ya dace. Sai dai ka sani, wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana aiki, doka ta ce sai an ba shi sanarwar mako biyu a rubuce kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗin kwanakin, sai fa in babban laifi ya yi. Kora kuma ba ta goge bashi: kuɗin man da abin da aka yanke maka suna nan a wuyansu. Idan ranar sallama aka miƙo maka takarda aka ce ka sa hannu cewa an biya ka duk haƙƙinka, kada ka sa sai ka karanta ko an karanta maka, ka kuma ga kuɗin sun shiga asusunka.