Sayen Gida: Tambaya da Amsa

Ɗan'uwa, in kana neman gida a Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi, lura da waɗannan.

1. Ƙasa ta wane ne? Bisa ga Dokar Ƙasa ta 1978, tana hannun Gwamna, amana domin jama'a. Izinin zama ake ba mutum, yawanci na shekara 99.

2. Takardar mai unguwa ta isa? Ba ta isa ba, shaida ce kaɗai. Cikin birni ciniki ba ya tabbata sai da yardar Gwamna.

3. Me za ka fara yi? Kafin ka ba da ko kwabo, tafi ofishin KANGIS a bincika sunan mai gidan. In gidan gado ne, bari dukan magada su sa hannu, kada guminka ya tafi banza.