Tsohuwar Fijo a Ƙofar Gida: Yadda Za Ka Ɗauki Bidiyon Gyaranta

Wani matashi ya rubuto mini daga Zariya. Ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya bar musu wata Peugeot 504 da ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Yana so ya tashe ta da hannunsa, shi da wani abokinsa bakanike, ya riƙa ɗora bidiyon aikin a YouTube da Facebook. Tambayarsa ita ce: "Yaya, wace kyamara zan saya, kuma ta ina zan fara?"

Ƙanena, kada ka sayi kyamara. Adana kuɗin, kasuwannin kayan gyara na Fanteka da Ƙofar Ruwa suna nan suna jiran su. Wayar da ke aljihunka ta isa. In dai lallai sai ka kashe wani abu, to abu biyu ne: sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da 'yar ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga. Za mu zo kansu.

Ta ina za ka fara? Ta hanyar hana kowa taɓa motar nan. Kada a wanke ta, kada a share ganyen da ke kan bonet, kada ka bar yaran unguwa su goge ƙurar gilashi da hannu. Kuskuren da kusan kowa ke yi ke nan: zumuɗi ya ɗebe shi ya sa ruwa da omo, sai bayan mota ta yi fes ya tuna da waya. Halin da take ciki yau ba zai sake dawowa ba, kuma shi ne jarin duk abin da za ka ɗauka nan gaba, domin mai kallo ba zai san nisan tafiyar ba in bai ga mafarinta ba. Zagaya ta sannu a hankali da sassafe. Nuna tsatsar da ta ci ƙasan ƙofofi, nuna saƙar gizo-gizo a sitiyari, nuna lambar da mitar tafiya ta tsaya a kai. Buɗe akwatin gaban fasinja a gaban kyamara, ba tare da ka leƙa tun farko ba. Ko tsohon kaset ne a ciki, ko carbi, ko rasiɗin mai na wani gidan man da ya daɗe da rufewa, mamakin da zai fito a muryarka ba a iya ƙirƙirar sa sau biyu.

Sannan ka nemi wanda ya san motar tun tana amarya. In Hajiya mahaifiyarku ta yarda a naɗi muryarta, ko da ba a nuna fuskarta ba, bar ta ta faɗi ranar da aka kawo motar gida da tafiye-tafiyen da aka yi a cikinta. In ba ta so, kada ka matsa. Akwai baffa ko tsohon direba. Ka yi sa'ar mota, ka sani. An fara fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, har 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati, motar tasha, motar kai amarya. Da wuya ka sami wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan da bai taɓa matsuwa a kujerar ƙarshe ta doguwar Fijo ba, gwiwa a ƙirji, daga Kano zuwa Jos ko Maiduguri. Waɗannan mutanen su ne masu kallonka na farko, kuma ba injin ne zai fara jawo su ba, tuna baya ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kafin bidiyon nan ya zama na jama'a, naka ne. Shi ne littafin ajiyarka. Gyaran tsohuwar mota a gida ba aikin mako biyu ba ne. Za ka kwance abu a watan Sha'aban ka zo mayar da shi bayan Babbar Sallah, kuma na rantse maka ba za ka tuna yadda yake ba. Ni ganau ne. Na taɓa zare wayoyin filogi huɗu na wata tsohuwar mota ina taƙama ai huɗu ne kacal, wa zai manta? Bayan wata biyu na mayar da su yadda zuciyata ta raya mini. Muka wuni muna tura mota, tana tari tana harbi ta salansa kamar bindigar toka, har muka sauke kafireta mai lafiya muka wanke ta sau biyu. Da magariba wani dattijon bakanike ya leƙo, ya sauya wayoyi biyu, ta tashi a bugu ɗaya. Bai ce mini komai ba, kallon da ya yi mini ya wadatar. Injin 504 yana ba filogi wuta ne a jerin 1-3-4-2, amma sanin wannan a ka daban, ganin inda kowace waya ta fito daban.

Don haka ka mai da shi ƙa'ida: ba a kwance komai sai an ɗauke shi yana ɗaure. Kusanto da waya, ɗora yatsa a kan abin, faɗi sunansa da bakinka, faɗi inda ya nufa. Notuna da kusoshin kowane sashe su shiga ledarsu, a rubuta suna a takarda a jefa ciki, a nuna wa kyamara. Wayoyin lantarki a naɗa musu farin salatif a rubuta lamba, don ranar da rewaya zai zo kada ku tsaya kallon-kallo. Irin wannan ɗaukar ba duka za ka ɗora wa mutane ba, amma kada ka goge ko ɗaya sai mota ta hau titi.

Wani wuri da za ka rage gudu shi ne ranar ɗage kan injin. Silindojin 504 'yan zarewa ne, waɗanda makanikai ke kira silif, ruwan lagireto yana zagaya su kai tsaye. In an ɗage kai aka juya injin ba tare da an danne su ba, suna iya motsawa daga mazauninsu, daga baya ruwa ya riƙa haɗuwa da baƙin mai. Abokinka bakanike ya san wannan in ya saba da Fijo. Sa shi ya yi bayani a gaban kyamara da irin Hausar gareji, kada ka gyara masa magana. Minti biyun nan za su fi amfanar wani mai irin motarka a Maraɗi ko Kumasi fiye da duk wani ado da za ka yi wa bidiyon.

Mu koma kan makirfo. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure muryar da ba ya ji ba. Tsakar gidanmu kuwa ba ta rasa hayaniya: janareton maƙwabci, injin markaɗe, akuya, mai tallan ƙwai da ƙwai. Maƙala makirfo kusa da bakinka. In ana aikin guduma ko injin gurza ƙarfe, yi shiru ka bar ƙarar aikin ta fito, daga baya ka naɗi bayanin da dare a ɗaki ka ɗora a kai. Kuma kashe rediyo. YouTube yana da na'urar da ke gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, har da na Hausa da dama, ko da daga nesa suke tashi. Sai ka ga kuɗin tallan bidiyonka ya koma wa mai waƙa, ko a toshe shi a wasu ƙasashe. In kana son kiɗa, akwai rumbun sautuka na kyauta a cikin YouTube Studio. Ni dai a ganina ƙarar sifana da ta tsatsa tana sakin noti ta fi kowane kiɗa daɗi a irin wannan bidiyo.

Haske kuma na Allah ya fi. Ɗauki da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka ba bayan mota ba. Tsakar rana tana ƙone fenti a hoto ta bar cikin injin baƙi ƙirin, ga waya na zafi har ta kashe kanta. In dole sai da ƙwan lantarki, za ka iya ganin wasu layuka suna rawa a hoton. Dalili shi ne wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa sun zo a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. In wayarka ta ba da dama, mai da ita 25. Ka bar ingancin a 1080. 4K zai cinye maka memori da data a banza. Riƙe wayar a kwance don dogon bidiyo, sannan in wani abin burgewa ya zo, kamar goge tsatsa har ƙarfe ya yi walƙiya, ƙara ɗaukar sa a tsaye don TikTok da gajerun bidiyo. Goge idon kyamara kafin kowace ɗauka, musamman da hunturu, kuma kada ka ajiye waya inda tartsatsin walda ko na gurza ƙarfe zai same ta, yana huda gilashi. Duk ƙarshen mako kwashe abin da ka ɗauka zuwa kwamfuta ko wani memori na daban. Waya tana faɗawa cikin bokitin baƙin mai, na gani da idona.

Akwai inda ba na wasa. Kyamara tana raba hankali biyu, mota kuwa ba ta san kana ɗaukar bidiyo ba. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba sallama. Sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota ko katako mai kauri, a kan ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyi waigi. Cire kan batir na nagetif kafin ka taɓa wayoyi. Tankin da aka juye fetur ɗinsa ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, saboda tururin da ke ciki, don haka mai walda ya yi nesa da shi. Ƙurar tsofaffin birki da kuloci tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. Kada a hure ta da iska, a jiƙa ta a goge. Kada a tayar da injin a rufaffen gareji. In aiki na buƙatar hannu biyu, waya ta hau sandarta ko a kashe ta. Ka tuna kuma duk gangancin da ka nuna, akwai yaron da zai kwaikwaya.

Wajen tacewa, CapCut a waya ya ishe ka; in kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi akwai DaVinci Resolve, yana da na kyauta. Kowane kashi ya tsaya kan tambaya ɗaya: injin nan zai juya kuwa? Za mu sami gilashin baya a Fanteka? Minti takwas zuwa goma sha biyu ya isa. Yi sallama a taƙaice ka shiga aiki. Doguwar gaisuwa da roƙon a danna ƙararrawa kafin a ga ko sifana ɗaya ita ke korar mutane. Aikin da ya ci awa uku, kamar kankare tsohon fenti, saka shi da gudu ya wuce cikin daƙiƙa ashirin. Yi magana da Hausarka, amma rubuta Peugeot 504 a take yadda kamfanin ke rubutawa, ka ƙara fassarar Turanci ko Faransanci a ƙasa in za ka iya. An harhaɗa motar nan a Ajantina da Kenya ma, tana da masoya a can.

Kada ka ɓoye kasawa. Notin da ya karye a cikin injin, kayan gyaran da ka sayo a matsayin ɗan Beljiyam ya fito jabu, fentin da ƙurar hunturu ta lalata: nan ne mai kallo yake gyara zama. Faɗi abin da ka kashe a kowane mataki, da ranar da ka saya, tunda farashi ba ya kwana wuri ɗaya. Amma in wani mai gyaran bodi ya ci kuɗinka ya yi maka aika-aika, nuna aikin, kada ka ambaci sunansa ko ka nuna rumfarsa. Haka duk wanda zai fito a hoto, daga mai shago har yaron gareji, nemi izininsa tukuna. Rufe lambar mota da lambar shasi, kada takardunta su fito, kuma karkata kyamara daga ƙofar cikin gida da duk alamar da za ta kai baƙo unguwarku. Kana tara kaya masu tsada a fili, ba kowane mai kallo ne masoyi ba.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka sa rai bidiyo zai biya gyaran. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Yana iya zuwa, yana iya daɗewa. Abin da ya fi saurin zuwa shi ne wani dattijo ya rubuto maka cewa yana da fitilun gaba na asali a ɗakin ajiyarsa, zo ka ɗauka. Kuma kada ka fara ɗorawa sai kana da kashi uku a hannu, domin akwai watan da aljihu zai bushe aiki ya tsaya.

Ranar tayar da injin, ari waya ta biyu. Ɗaya ta kalli injin, ɗaya ta kalli fuskokinku. Cika su da caji, kunna su tun kafin a zuba fetur, a ajiye abin kashe gobara kusa. Kada ku gwada a ɓoye sannan ku dawo ku yi wasan kwaikwayon murna, ana ganewa. In ta ƙi tashi, ka sami kashi na gaba. In kuma ta yi tari sau biyu ta kama, kada ka yi magana, kada ka sa kiɗa, bar ta ta yi ta ruri na minti guda cur. A aika a gaya wa Hajiya tun da wuri, don kada ƙarar ta zo mata ba shiri.